Abin da Muka Gani a Tsohon Garin Jidda

Tun da muka komo daga Makka dattawa ke tambayarmu labarin Jidda, musamman da yake maganar rushe tsohon gidan ƙungiyarmu a ta da bene ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. To, ga abin da muka rubuta da ajami a bakin takardunmu, mun juye shi da boko don kowa ya samu.

Jidda tsohon gari ne. Sayyidina Usmanu ne ya mai da ita mashigar Makka ta teku a shekara ta 26 bayan Hijira. Da tana da ganuwa irin ta Kano, wadda aka gina don tsoron jiragen Fotugal, amma a 1947 aka rushe ta. Abin da ke cikin ganuwar nan shi suke kira Balad, unguwa huɗu: Mazlum, Sham, Yaman da Bahar.

Mun shiga ta Bab Makka da hantsi, muka bi kasuwar Alawi. Gidajen hawa uku ne, huɗu, har biyar, an gina su da dutsen murjani da ake haƙowa a bakin teku. Dutsen nan ba shi da ƙarfi ainun, saboda haka magina kan shimfiɗa itace a cikin bango bayan 'yan layuka, kamar yadda namu ke sa azara. Sa'an nan ga tagogin katako da suke kira roshan, sun turo kai bisa hanya, an huhhuda su kamar rariya. Iska ta shiga, rana ta tsaya waje, matan gida su ga mai wucewa shi kuwa bai gan su ba. Lungunan ƙunci gare su, gida na yi wa gida inuwa. Wallahi mun yi tafiya mai tsawo ba mu nemi laima ba. Muka tsaya ƙofar gidan Nasif, wanda aka gama a 1881, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925. Akwai bishiyar dogon yaro a gabansa, muka huta.

Da muka fito wajen tabki, sai ga wani gini ya tokare sama, fari fat, hawa 27. Shi ne wanda Bankin Ahli ya gina don babban ofishinsa, aka gama a 1983. Wani Ba'amurke mai zanen gini, Gordon Bunshaft, shi ya tsara shi, kuma kamfaninsu ne ya yi rumfunan alhazai na filin jirgin Jidda. Bankin dai ya haɗe da wani a 2021 ya sake suna, ginin kuwa yana nan.

Abin mamaki, kusurwa uku gare shi kamar duwatsun murhu, kuma ka zagaye shi ba za ka ga tagogi jere a bango ba. Sai manyan kafofi guda uku da aka fafe a jikinsa, biyu ta fuska ɗaya, ɗaya ta wata fuskar, kowace ta haɗiye hawa bakwai ko fiye. Gilashin ofisoshin duk yana cikin kafofin nan, yana duban fili mai inuwa. Ta tsakiya kuma an bar rami tun daga ƙasa har sama, zafi ya bi ya fice. Muka tsaya muna kallo, sai wani abokin tafiyarmu, ɗan kasuwar goro, ya ce, "Malam, ai wannan tsakar gida ce aka ɗora bisa tsakar gida." Ya kuwa faɗi daidai. Baturen nan bai kwaikwayi roshan ba, bai manna katakon ado a bango don a ce ya girmama tsofaffi ba. Ya duba dalilin da ya sa mutanen da suka yi roshan, wato rana da sutura, ya biya bukatar da kayan zamaninsa. A nan mun yaba masa, don mun ga waɗansu benaye a garin da aka lulluɓe da gilashi tun daga sama har ƙasa, in wuta ta ɗauke sai su zama tanda.

Amma fa ba mu yaba duka ba. Tsawonsa ya danne komai, hasumiyar masallacin Shafi'i in ka gwada ta da shi kamar alƙalami ce kusa da rimi. Kuma ya ɗauki tsakar gida ya bar zaure. A Balad kowane gida na da abin da yake ba mai wucewa, ko inuwa, ko dakali, ko kanti a ƙasa. Gindin wannan kuwa bango ne santal, ba inda tsoho zai jingina ya jira la'asar. Mun sani banki ne, dukiya yake tsaro, ba mu ga laifinsa ƙwarai ba. Sai dai gidan ƙungiya ba banki ba ne.

Su kansu mutanen Jidda sun yi hasarar gidaje da yawa kafin su farga. Masu hali suka ƙaura arewacin gari, waɗansu gidajen suka faɗi, waɗansu gobara ta ci. A 2014 UNESCO ta sa Balad cikin kayan tarihin duniya, a 2019 aka ware riyal miliyan 50 don gyaran gidaje 56. Mun ga kafintoci na ta aikin mai da roshan. Unguwannin bayan ganuwa kuwa, irin su Karantina da Sabil inda 'yan'uwanmu Hausawa suka daɗe, rusau ya bi ta kansu a 2022.

Saboda haka ran taron wata mai zuwa, in mai zanen ya kawo takardarsa, muna roƙon Sarkin Zongo da dattawa su tambaye shi abu uku: ina rana za ta faɗa da azahar, ina masu tebur na bakin ƙofa za su koma, kuma zauren da yara ke karatun allo, yana cikin zanen ko babu. Mu dai za mu zo da hotunan da muka ɗauko.