Faifan Da Aka Aika Wa Baƙin Sama

A shekarar 1977 mutanen Amurka suka harba kumbo biyu zuwa sama, ana ce musu Voyager. Babu mutum a cikinsu, na'urori ne zalla. Guda ya tashi ran 20 ga Agusta, gudan ran 5 ga Satumba, kuma ba za su komo ba har abada. A jikin kowanne an maƙala faifai irin na garmaho, na jan ƙarfe, an shafe shi da ruwan zinariya. Wani masanin taurari mai suna Carl Sagan shi ya shugabanci waɗanda suka zaɓi abin da za a sa ciki.

Sun sa hotuna 115. Sun sa gaisuwa cikin harsuna 55, akwai Larabci, akwai Faransanci, amma ba a sa Hausa cikinsu ba, abin da ya ɗan sosa mini rai. Sun sa ƙarar tsawa da ruwan sama, da kukan kwaɗi, da haushin kare, da dariya, da bugun zuciyar mutum. Sannan suka sa kiɗa da waƙa na wajen awa ɗaya da rabi daga ƙasashe dabam-dabam, har da waƙar ƴammatan dajin Kwango.

To, wa aka aika wa? Har yau ba a gamu da wata halitta mai hankali a wajen duniyarmu ba. An dai aika ne ko Allah ya sa akwai, su tsinta. Ni abin da ke cin raina shi ne: in sun tsinta sun juya faifan, za su san kiɗa ne? Ko kuwa waƙar ƴammata da kukan kwaɗi duk ɗaya ne a wurinsu?

Ba sai mun je sama ba kafin mu gwada wannan magana. Ina yaro aka yi buki a garinmu, wani Bature da ke aikin rijiyoyi ya zo kallo. Mai kalangu ya hangi wani attajiri da ya yi suna wajen rowa, sai ya matse kalangu a hammata ya shiga yi masa habaici. Bai buɗe baki ba, kalangun ke magana. Mata suka rufe baki da gyale, samari suka kwashe da dariya, attajiri ya sulale ta bayan zana. Shi kuwa Bature yana ta kaɗa kai yana tafi, har ya yi wa makaɗi kari. Kunnuwansa lafiya lau, kuma ya ji daɗin kiɗan tsakani da Allah. Amma zagin ya wuce ta kansa kamar iska. Kalangu hawa da saukar muryar Hausa yake bi, wanda bai sha Hausa a nono ba, ko bai zauna ya koya ba, amo kaɗai zai ji. Shi ya sa ake cewa baƙo makahon gari ne. Wannan fa ɗan Adam ne kamarmu, mai uwa da uba, wanda ya san buki ya san rowa. Ina ga wanda bai taɓa ganin mutum ba?

Watakila ma ba su da kunne. Ko a nan duniya ji ba ɗaya ba ne. Jemage yana jin ƙarar da mu ba mu ji, da ita yake gane hanya cikin duhu. Halittar da ba ta san ji ba, me goge zai gaya mata?

Duk da haka ban yarda a ce ba za su gane kome ba. Ku tuna kafin ku shiga ajin yaƙi da jahilci. In aka miƙo muku wasiƙa, baƙaƙen nan kamar sawun kiyashi suke. Amma ko a sa'an nan ba ku taɓa ɗauka kaza ce ta yi tono a kan takarda ba. Kun ga layi a jere, kun ga alama guda tana tafiya tana komowa, kun san hannun mai hankali ne ya yi. Kiɗa ma haka yake, yana da ƙidaya, yana maimaita kansa, ya kauce, ya dawo. Ina jin duk mai hankalin da ya iya cafke kumbo a sarari zai lura wannan ba aikin iska ba ne. Masu faifan sun dogara ga wannan. A bayan murfin sun zana yadda za a juya shi, ba da kalma ba, da zane da lissafi. Hoton farko kuwa da'ira ce kawai, don in mai tsintuwa ya ga ta fito daidai ba ta karkace ba, ya san ya kama hanya. Wannan dabara ta burge ni.

Amma sanin cewa wani ya yi abu dabam, sanin dalilinsa dabam. A Dabus, arewa da Agadas wajen hanyar Arlit, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin dutse. Babban ya fi mita 5 tsawo. Masana suka ce sun yi shekara 6000 zuwa 8000, tun lokacin da wurin ke da ruwa da ciyawa. Sai a 1987 wani Bafaranshe, Christian Dupuy, ya rubuta labarinsu duniya ta sani. Duk wanda ya taɓa ganin raƙuman dawa na Kure kusa da Yamai, da kallo guda zai shaida su, har dabbare-dabbaren jikinsu an fitar. To amma daga bakin kowanne an ja wani layi ya sauko zuwa ga ɗan ƙaramin mutum. Wasu suka ce igiyar farauta ce, wasu suka ce dabbar aka horar, wasu suka ce sha'anin bauta ne. Masanan sun rabu. Ƙasarmu ce, ƴan Adam ne suka sassaƙa da hannu irin namu, dabbar ma mun san ta. Masu bayanin ne suka ƙare, layin ya zama bebe.

A shekarar 2012 kumbon da ake ce wa Voyager na ɗaya ya fita daga inda iskar rana ke kaiwa, ya shiga sararin da ke tsakanin taurari. Ya yi nisan da ya wuce kilomita miliyar 24. Masu lissafi suka ce sai bayan wajen shekara 40000 zai gitta ta gefen wani tauraro, wato shekarun raƙuman Dabus ninki biyar ko fiye.