Ba Ƙi Ya Yi Ba

A shekarar 1998 aka ba ni ajin CE1 a wata lakwal ta bakin gari, a wani birni na kudancin ƙasarmu wanda ba zan ambaci sunansa ba, saboda dalilin da mai karatu zai gane in ya biyo ni zuwa gaba. Yara saba'in da ƴan kai ne cikin rumfar zana, waɗansu a kan tebura, saura bisa tabarma. Daga cikinsu akwai wani ɗan shekara goma mai jikin ɗan bakwai, mai fara'a, mai daɗin baki. Shi ne kan fara gaishe ni da safe, shi ne kan riga kowa ɗauko mini kujera. Kuma shi ne yaron da na fi duka a cikin shekara talatin da biyu da na yi ina riƙe da alli.

Abin da ke tunzura ni game da shi, shi ne yau ya sani, gobe bai sani ba. Ran Litinin sai ya karanto mini lissafin ninkawa na uku tiryan-tiryan. Ran Talata in na ce uku sau huɗu, sai ya zuba mini ido kamar da wani yare na yi masa magana. In na ce, "Ku ɗauko allunanku, ku rubuta kwanan wata, ku ja layi," shi sai ya ɗauko allon ya tsaya nan. Na doke shi don ya ɗauki alƙalamin wani, ya yi kuka, ya rantse ya tuba, amma kafin a tashi sai ga wani alƙalamin a hannunsa, ko ɓoyewa bai yi ba. Manyan yara kuwa sun gano lagonsa: duk ɓarnar da suke tsoron yi shi suke turawa, ya tafi yana murna. Da dolo ne, da na ƙyale shi a bayan aji kamar yadda muka saba ƙyale irinsu. To amma yaron da ke iya tsara labari ya ba aji duka dariya, yaya za a ce mini bai fahimci magana ba? Sai na yanke hukunci cewa raini ne da taurin kai, maganinsu kuwa tsumagiya.

Wata rana, bayan na farfasa masa jiki, tsohuwar da ke riƙon sa ta zo. Mai tuyar ƙosai ce a bakin tasha. Na zaci faɗa ya kawo ta, sai na ga ta durƙusa nesa kaɗan, ta gaishe ni da aiki da iyali, sannan ta ce, "Mushe, ban zo hana ka horo ba, ɗa na kowa ne. Amma ni na gaji da dukan yaron nan tun kafin ka san shi. Duka ba ya shigar sa. In ka aike shi abu guda zai kawo maka; in ka haɗa masa biyu, ka yi asarar duka biyun." Na ce, "Inna, ina uwarsa?" Ta daɗe tana kallon ƙasa. Can ta ce, "Ɗiyata ce. Bariki ta ɗauke ta, kwalba ta ƙarasa ta. Da cikinsa ma ba ta bari ba. Allah ya jiƙan ta. Ka rufa mini asiri." Na ce amin, na ba ta haƙuri, ta tafi. A raina na ce ashe rashin tarbiyya ne tun daga tushe. Bayan mako biyu na koma ga tsumagiyata. Yaron ya maimaita ajin, ya sake faɗuwa, aka sallame shi.

Shekara goma sha huɗu suka wuce. A 2012 ƙawancen da ke tsakanin makarantunmu da na wani gari a arewacin Faransa ya kai mu can, mu malamai huɗu, don horo na mako uku. Cikin wuraren da aka zaga da mu akwai wata cibiya irin waɗanda suke kira CAMSP, inda ake kula da yara masu jinkirin girma ko naƙasa daga haihuwa zuwa shekara shida, ba tare da iyaye sun biya ba. Wata likitar yara ce ta karɓe mu, ta yi mana bayanin larurorin da suke gani, har ta zo kan illar giya ga ɗan tayi, wadda a Faransanci ake taƙaita mafi tsananinta da SAF. Ta ce in mai ciki ta sha giya, sai ta bi jini ta ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi, alhali hantarsa ba ta yi ƙwarin sarrafa ta ba. Ƙwaƙwalwa ce ta fi cutuwa, domin ita ginuwa take yi tun daga makonnin farko har ranar haihuwa. Waɗansu yaran ana gane su a fuska: ƙananan idanu, siririn leɓen sama, da shafewar ɗan kwarin nan da ke tsakanin hanci da baki. Amma mafi yawansu fuskarsu kamar ta kowa take. Ba gado ba ne, ba ya warkewa, kuma babu wani ma'aunin giya da aka tabbatar ba ya cutar da ciki.

Daga nan ta shiga halayensu: mantuwa mai zuwa da komawa, kasa riƙe umarni fiye da ɗaya, rashin gane lokaci da ƙimar kuɗi, wahalar haɗa laifi da sakamakonsa, saurin yarda da kowa, ga kuma baki mai daɗi da ke sa a ɗauka sun fahimci abin da ba su fahimta ba. Abokan tafiyata suna rubutu, ni kuwa na ajiye alƙalami. Ba dusar da ke bakin taga nake gani ba, rumfar zana nake gani.

Na tambaye ta tun yaushe aka san wannan. Ta ce wani likitan yara na birnin Nantes, Paul Lemoine, ya wallafa bayanin yara 127 da mata mashaya suka haifa tun 1968, amma ba wanda ya kula. Sai a 1973 Kenneth Jones da David Smith na birnin Seattle a Amurka suka sa wa larurar suna, duniya ta waiwayo. Ita kanta Faransa, ƙasar inabi, sai a 2007 ta tilasta sanya gargaɗi ga masu ciki a jikin kwalabe. Wannan ya ɗan sanyaya mini rai, ko da yake bai wanke ni ba: in likitocin Turai sun yi shekaru suna kau da kai, ina ga mushen ƙauye a 1998?

Abin da ya fi tsaya mini a rai a cibiyar nan shi ne da uwa suke farawa. Akwai likita, akwai mai gyaran magana, akwai mai motsa gaɓoɓi, akwai ma'aikaciyar jin daɗin jama'a mai bin gidaje, amma kafin duk wannan sai a zaunar da uwar, a ba ta shayi, kuma ba wanda zai ce mata "me ya sa kika yi?" Dalilinsu na hankali ne: uwar da aka kunyata ba ta dawowa, yaron ya rasa kulawa, cikin gaba kuma ya sha abin da na baya ya sha. A Seattle ma, tun 1991 aka fara wani tsari inda ma'aikaciya guda ke raka uwa har shekara uku, tana zuwa gidanta, tana kai ta wurin likita, kuma ko ta koma shan ba a korar ta. Ga malaman makaranta kuwa suna da ƴar takarda shafi guda. A ba yaro umarni ɗaya, cikin gajeriyar magana. A zaunar da shi wuri ɗaya kullum, kusa da malami, nesa da ƙofa. Kada a ce masa "ka gane?", domin zai ce i, a ce ya nuna. A maimaita yau abin da aka koya jiya ba tare da fushi ba. Na karanta takardar har ƙarshe, na ga rabinta mai ƙosai ta riga ta faɗa mini a durƙushe, ban saurara ba.

Likitar ta ambaci binciken da Ann Streissguth ta Jami'ar Washington ta fitar a 1996 a kan mutum 415 masu wannan larura. Cikin waɗanda suka kai shekara goma sha biyu, kusan 60 bisa ɗari karatunsu ya katse, kusan 60 bisa ɗari kuma sun shiga hannun hukuma. Waɗanda suka fi tsira su ne waɗanda aka gano larurarsu kafin shekara shida, suka tashi a gida tsayayye, kuma ba a gallaza musu ba. Abin mamaki, masu alamar fuska da masu raunin hankali bayyananne sun fi samun sauƙi, saboda su ana ganin su a tausaya. Mai wayon baki shi ke shan wuya.

Da na dawo na kawo zancen a taron malamai, wani abokin aiki ya ce, "Wannan ciwon Turawa ne, mu ƙasar Musulmi ce." Maganarsa da ƙamshin gaskiya. Ƙiyasin da aka wallafa a 2017 ya nuna kusan yara 8 cikin dubu a duniya ne ke da larurar, a Afirka ta Kudu kuwa sun haura 100 cikin dubu, inda a da ake biyan leburorin gonakin inabi wani ɓangare na ladansu da giya. Matanmu ba su kusanci wannan ba, alhamdu lillahi. Amma babu babban birninmu da ba shi da gidan giya, akwai kuma yankunan da ake dafa burkutu. Kuma inda abu ya fi ƙaranci, nan kunyarsa ta fi nauyi. Mace mai sha a Faransa mara lafiya ce a idon likita. A wurinmu abin gori ce har jikokinta. Shi ya sa ba na goyon bayan malami ya riƙa leƙen leɓen yara yana yanke hukunci. Gane larurar aikin ƙwararren likita ne, kuma sunan "ɗan mashayiya" in ya manne wa yaro a filin lakwal, ya fi tsumagiyata illa. Ni ma har yau ba na cewa tabbas abin da ke damun ɗalibina ke nan, tun da ba a taɓa auna shi ba. Abin da na sani shi ne abin da kakarsa ta faɗa, da abin da na gani.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, muna kuma da makarantun makafi da na kurame. Amma naƙasar da ido ba ya gani, wace ƙofa za ta ƙwanƙwasa? A ganina ba sai mun jira gini ba. Ungozomar da ke awon ciki tana iya yin tambayar a keɓe, cikin mutunci. Ƙungiyoyin iyaye mata na makarantu suna iya zama kafaɗa ga tsohuwar da aka bar wa riƙo. Ƴar takardar nan mai shafi guda kuwa ba ta buƙatar a san tarihin uwar kowa, domin za ta amfani yaron da sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa kamar yadda za ta amfani wancan, irin waɗannan kuwa babu ajin da ba su.

A 2013 na shiga neman sa. Tsohuwar ta rasu. Aka ce mini ya yi watanni a gidan kaso, don abokai sun ba shi ajiyar babur ɗin sata ya karɓa da hannu biyu. Na same shi a rumfar wani dattijo mai facin taya. Yana hango ni ya sheƙo, ya durƙusa, ya ɗauko mini benci, yana gaya wa kowa, "Mushena ne, shi ya koya mini karatu!" Da muka keɓe na ce, "Ka yafe mini dukan da na yi maka." Ya yi dariya ya ce, "Wane duka, Mushe?"

Maigidan nasa bai taɓa jin sunan Lemoine ba, amma aiki ɗaya yake ba shi a lokaci guda, wurin zamansa ɗaya, kayan aikinsa a jere suke yadda suke jiya. Kuɗinsa a hannun dattijon suke, kullum da safe ya ba shi dala ɗari, saura ya tara masa na sutura da magani. Ban gaya masa komai game da uwar ba. Amanar mai ƙosai ce. Da zan tafi ya raka ni bakin hanya, ya ce, "Malam, yaron nan ba shi da mugunta ko ta ƙwayar gero. Abin da ke hana ni barci, na tsufa. In na kau, wa zai riƙe masa aljihu?"

Dattijon ya rasu a 2021. Ɗansa ya gaji rumfar, ya yarda ya ci gaba da riƙe shi a aiki, amma ya ce ba ya son rigimar ajiyar kuɗi. Tun daga lokacin littafin ajiyar yana wurina. Mun yi da shi duk Jumma'a bayan masallaci ya zo mu yi lissafi, in ba shi na mako, kashi bakwai, kowane a ƙulle daban. Makon jiya ran Alhamis ya zo, sanye da rigarsa ta Jumma'a, yana tambaya ko an yi kiran salla. Na ce masa gobe ne. Ya zauna muka ci tuwo, washegari na aika jikana ya taho da shi.