A Bakin Shingen Büchel

Wanda ya sauka daga jirgin ƙasa a Cochem ba zai kawo maganar yaƙi a ransa ba. Ɗan ƙaramin gari ne a gaɓar kogin Mosel, a yammacin Jamus. Gonakin inabi sun haye jikin tsaunuka, tsohuwar fadar Reichsburg tana bisa dutse tana kallon ruwa, baƙi na ta ɗaukar hoto. Amma a tsallaken kogin, ƙarƙashin wasu gidaje da ba su da wata alama, akwai ramin da babban bankin Jamus ya ɓoye takardun kuɗi na Mark biliyan 15 daga 1964 zuwa 1988, don maye gurbin kuɗin ƙasa idan Yaƙin Cacar Baka ya rikiɗe ya zama na gaske. Yau gidan tarihi ne. Daga nan na fara gane cewa wannan yanki ya daɗe yana kwana da tsoro a ƙarƙashin ƙasarsa.

Abin da ya kawo ni yana can sama. Mota ta bar kwarin, ta yi ta hawa hanya mai kwana-kwana har muka fito tudun Eifel, inda iska ke kaɗawa ba abin da ya tare ta. Gonaki, shanu, hasumiyar coci, sai ƙauyen Büchel mai mutum dubu da 'yan kai. Daga nan sai shinge. Dogo ne, waya bisa waya, da na'urorin ɗaukar hoto, da allunan gargaɗi cewa filin soja ne. An ƙarfafa shi bayan masu zanga-zanga sun sha yanke tsohon suna kutsawa ciki.

Bayan wannan shinge ne sansanin runduna ta 33 ta sojin saman Jamus, kuma nan ne ake ajiye bama-baman nukiliya na Amurka samfurin B61, su kaɗai suka rage a ƙasar. Masu bincike na ƙiyasta ba su wuce 20 ba. Suna cikin akwatunan ƙarfe da aka nutsar a daɓen rumfunan jiragen yaƙi. Sojan Amurka ke tsaronsu, kuma sai da umarnin shugaban Amurka za a buɗe su. Amma in ranar ta zo, matuƙin Jamus ne zai ɗauka a jirgin Jamus ya kai. Wannan shi ne tsarin raba nauyin nukiliya na ƙungiyar tsaro ta NATO, kuma akwai irinsa a Beljiyam da Holan da Italiya, da wasu bama-baman a Turkiyya. A farkon shekarun 1970 makaman nukiliyar Amurka a Turai sun kai wajen 7,000. Yanzu ana batun ɗari ne ko kusa da haka.

Daura da babbar ƙofa akwai shataletale, a gefensa kuma wani ɗan fili da masu neman zaman lafiya suka mayar nasu. Na daɗe a wurin. Ƙyallaye masu rubutu da rana da ruwan sama suka koɗar, gicciye na katako, tutoci masu launin bakan gizo. 'Yan coci, likitoci, tsofaffin da suka yi zanga-zangar neman zaman lafiya ta Bonn a 1981 suna matasa, duk sukan zo nan. Sun sha yin zaman makonni 20, mako ɗaya don kowane bam, daga 26 ga Maris zuwa 9 ga Agusta, ranar da aka jefa wa Nagasaki bam ɗin nukiliya. Ranar farkon ma ba a banza aka zaɓe ta ba. A 26 ga Maris 2010 majalisar dokokin Jamus, da rinjaye mai yawa, ta nemi gwamnati ta yi aiki don a kwashe makaman, kuma ministan waje na lokacin, Guido Westerwelle, yana kan wannan ra'ayi. A ƙarshen shekarar NATO ta zauna a Lisbon ta ce tana fatan duniyar da babu nukiliya, amma muddin makaman na nan ita ma za ta riƙe nata. Bama-baman ba su motsa ba.

Hausawa na cewa taura biyu ba ta taunuwa, ga shi Jamus ta cusa biyun a baki. Tana cikin yarjejeniyar hana yaɗuwar nukiliya tun 1975, wadda ta ɗora wa mambobinta neman kwance ɗamara. Ta ƙi sa hannu a yarjejeniyar haramta makaman baki ɗaya ta 2017, wadda Najeriya ta tabbatar ranar 6 ga Agustan 2020, amma ta je taron Vienna na 2022 a matsayin 'yar kallo.

Ba zan raina hujjar masu riƙe da makaman ba. Zaman kar-ta-san-kar suke nufi: maƙiyi ya san in ya taɓa, zai ɗebo da zafi. Yarjejeniyar 1987 da Reagan da Gorbachev suka ƙulla, wadda ta share makamai masu linzami masu matsakaicin zango, ta rushe a 2019. Rasha ta afka wa Yukren a Fabrairun 2022, ta kuma sanar da kai makaman nukiliya Belarus a 2023. Mutumin Poland ko Lithuania da ke kwana kusa da wannan wuta yana da dalilin cewa kada a sauke garkuwa. Mutanen ƙauyukan nan ma da yawa a sansanin suke cin abinci, ba sa son jin maganar rufe shi.

Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Ɓangaren razanarwa yana da kuɗi da ranar kammalawa: jiragen F-35 guda 35 da majalisa ta amince a saya a Disamban 2022 don su gaji tsofaffin Tornado, sabon bam B61-12, atisayen Steadfast Noon kowace shekara. Ɓangaren kwance ɗamara kuwa ba shi da kasafi, ba shi da wa'adi, sai jimloli a takardun bayan taro. Sannan ga shirun. Gwamnatin Jamus ba ta tabbatar da cewa makaman na Büchel, ba ta kuma musantawa. Manomin da gonarsa ta jingina da shingen ba a taɓa gaya masa a hukumance abin da ke kwance kusa da alkamarsa ba. Ban ga yadda jama'a za su yanke hukunci na gaskiya a kan abin da aka hana a ambata musu ba, kuma wannan ya fi shingen kansa damuna.

Ban ji ƙarar jirgi ko ɗaya ba a yinin nan. Tun 2022 aka mayar da jiragen Tornado sansanin Nörvenich don a gyara titin sauka a shirya wa sababbin. Ƙarar da ke tashi ta manyan motocin gini ce. Ina tsaye a filin masu zanga-zanga, uku suka zagaya shataletalen ɗauke da tsakuwa, soja ya duba takardunsu, aka ɗaga musu ƙarfe suka shige.