Zuwa Tulo-Tulowa ɗaukar hoto: Yadda iyali za su tsara tafiyar kwana uku cikin rairayi

Yau filin namu zai fita daga kicin da ɗakin likita ya hau hanya. Idan kana zaune a Abuja ko Legas ko Fatakwal, wataƙila ka sha ganin hotunan tudun rairayi a waya, mutum tsaye da rawani, rana na faɗuwa a bayansa, ka ɗauka Dubai ce ko Agadas. Wasu daga cikin waɗannan hotuna a nan gida aka ɗauke su, a Tulo-Tulowa da ke Ƙaramar Hukumar Yusufari, can arewacin Jihar Yobe daura da iyakar Nijar. Maigida da ya sayi sabuwar kyamara, ko 'yan matan gida da ke son hoton da ba kowa ke da irinsa ba, duk za su iya zuwa. Sai dai tafiya ce da ake tsarawa da agogo da jarkar ruwa, kuma abin da ya sauƙaƙa tsarin shi ne, sa'o'in da hoto ya fi kyau a sahara su ne sa'o'in da rana ba ta cutar da jiki. Wanda ya bi haske daidai ya riga ya kare iyalinsa daga rabin haɗarin.

Wurin da kansa jigayi ne na rairayi masu tsawo, iska ta tara su ta yi musu zane kamar an ja tsintsiya. A tsakaninsu akwai kwaruruka, kuma a nan mamakin yake. Kana gangarowa daga busasshen tudu sai ka tarar da dausayi kore shar, da dabino da goriba, da ɗan tafki wanda bakinsa ya yi fari fat da kanwa. Manga da Fulani ne akasarin mazauna yankin. Suna noman rani a cikin kwarin, suna haƙar kanwa, raƙuma da shanu na zuwa shan ruwa. Dausayoyin Bulatura da ke wannan ƙaramar hukuma ɗaya ne daga cikin sassa uku na Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi. Sauran biyun su ne Chingurmi-Duguma a Borno da fadamar Bade-Nguru, wadda ita ma kan hanyarku take.

Kafin maganar hanya, a yi maganar wata. Kada ku je a Afrilu ko Mayu. Zafin bazara a can yana wuce digiri 40, kuma rairayi yana ɗaukar zafin da zai ƙone tafin ƙafar yaro ta cikin silifas. Watannin rani masu zafi da ƙura su ne kuma lokacin sanƙarau a wannan shiyya. Tsakiyar hunturu, wato ƙarshen Disamba zuwa Janairu, akwai sanyi mai daɗin tafiya, amma hazo yakan rufe sama, hoto ya fito fari-fari ba inuwa ba launi, mai asma kuma ya kwana yana tari. A ganina babu kamar ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba. Damina ta ɗauke, tafkuna da sauran ruwa, dausayi na kore, sama a buɗe take, zafi ya fara sauka.

Hanyar da na fi ba iyali shawara ita ce ta yamma. Ku kwana a Kano, ku tashi bayan asuba ku bi ta Haɗeja da Malam Madori zuwa Nguru. Tafiyar rabin yini ce idan ba a yi ta tsaye-tsaye ba. Masu fitowa ta Bauchi za su iya bi ta Potiskum da Jakusko su faɗa Gashuwa. Nguru tsohon gari ne na kasuwanci, nan layin dogon da ya taso daga Kano ya tsaya tun wajen 1930, kuma akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a garin, abin da ya kamata ku riƙe a rai. Daga Nguru zuwa Gashuwa kamar awa guda ne. Gashuwa ita ce hedikwatar Masarautar Bade, nan za ku sami masauki da gidan mai da kasuwa, don haka ita ce sansaninku na kwana biyu. Yammacin ranar farko, idan kun iso da wuri, ku leƙa Dagona, mafakar tsuntsayen ruwa da ke kusa. Tsuntsaye daga Turai suna tsallako sahara su yi hunturu a wannan fadama, wadda kogunan Haɗeja da Jama'are ke cikawa kafin su zama Komadugu Yobe. Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokacin, ya taɓa zuwa kallonsu a 1989. Ruwa ke nan, saboda haka sauro ke nan. Ku zo da gidan sauro da man shafawa, ku bar bakin ruwa kafin magariba ta yi duhu.

Akwai maganar da ba za a yi wa kwana-kwana ba, wato tsaro. Gabas da Yusufari akwai Yunusari da Gaidam, kuma waɗannan sun sha hare-haren Boko Haram. Halin da ake ciki yana canzawa daga wata zuwa wata, abin da ya faru bara ba shi ne ma'auni ba. Mako guda kafin ku tashi ku tambayi wanda ke zaune a Gashuwa ko Yusufari, ku sake tambaya ranar da kuka isa. Ku gabatar da kanku ga jami'an tsaro da hakimi ko mai gari, ku nemi izinin ma'aikatan gandun daji idan Bulatura za ku shiga. Idan mutanen gari suka ce a dakata, to a dakata. Kuɗin man da kuka ƙona bai kai komai ba, kuma Dagona da tafkin Nguru sun isa su cika muku waya da hotuna. Kada ku yi tafiyar dare, kada ku ɗauki hoton shingen sojoji, kuma kada ku tashi jirgin ɗaukar hoto maras matuƙi, domin wannan sai da izinin hukuma, a yankin da ake fama da rashin tsaro kuwa yana iya jawo muku tsarewa.

Rana ta biyu ita ce ranar rairayi. Kwalta tana kai ku Yusufari, daga nan kuma sai yashi. Motar gida ku bar ta a gari. Ku ɗauki hayar mota mai jan ƙafa huɗu, irin su Hilux ko Land Cruiser, tare da direba ɗan yankin, kuma idan hali ya yi motoci biyu sun fi ɗaya, don in ɗaya ta kafe ɗayar ta ja ta. Direban da ya san aikinsa za ku ga ya rage iskar taya kafin ya shiga yashi, yana ɗauke da shebur da igiya da famfon iska. Idan bai da su, ku nemi wani. Taswirar waya ba ta da amfani sosai a nan, iska tana shafe sawun mota cikin dare ɗaya, sabis ma yana ɗaukewa. Ku bar wa wani a Gashuwa sunan inda za ku da lokacin da ya kamata ya gan ku.

Yanzu ga agogon. A Nuwamba rana tana fitowa da ƙarfe 6 da 'yan mintoci, tana faɗuwa kafin 6 na yamma. Hasken safe zuwa wajen ƙarfe 9 yana zuwa ne a kwance, yana fito da kowane zane na iska a jikin tudu, gefe ɗaya ja-ja gefe ɗaya inuwa. Daga ƙarfe 11 zuwa bayan azahar rana tana tsakar ka, inuwa ta ɓace, rairayi ya zama fari mai kashe ido, fuskar mutum ta yi ramuka baƙaƙe. Babu hoton kirki a wannan lokaci, kuma shi ne lokacin da rana ke kayar da mutum. Sai ku sauka kwari ku shimfiɗa tabarma a gindin dabino, ku ci abinci, ku yi salla, yara su yi barci. Bayan la'asar haske ya sake kwantawa, ku ɗauki na awa guda ku kama hanya, yadda magariba za ta same ku a kan kwalta. Na san masu kyamara za su ce faɗuwar rana ai ita ce hoton. Gaskiya ne tana da kyau, amma wanda ya tsaya jiranta a kan tudu zai yi hanyar yashi cikin duhu da iyali a mota. Ku ɗauki faɗuwar rana a bakin ruwan Dagona ko Nguru, inda masauki ke kusa.

Dabarun hoton ba su da yawa. Ku bi bayan tudu ku hau, kada ku tattake gefen da za ku ɗauka, domin sawun mutum ɗaya yana ɓata zanen duka. A sa mutum ko raƙumi ko bishiya a ciki, in ba haka ba mai kallo ba zai gane girman tudun ba. Tufafi masu launi, shuɗi ko kore ko ja, sun fi fari fitowa. Yashi maƙiyin kyamara ne, saboda haka kada a canza gilashinta a fili, a shiga mota a rufe ƙofa, a ajiye ta cikin leda mai zif idan ba a aiki da ita. Waya ma tana zafi ta kashe kanta idan an bar ta a gaban mota.

Ruwa shi ne babban kaya. Ku lissafa aƙalla lita 4 zuwa 5 ga kowane babba a yini, ku ƙara jarka ɗaya ta ko-ta-kwana wadda ba a taɓawa sai an maƙale. Ku zo da shi daga gari. Ruwan tafkin dausayi akwai kanwa, ba na sha ba ne. Abin da ke yaudarar mutane a busasshiyar iska shi ne gumi yana bushewa nan take, sai mutum ya ga ai bai yi zufa ba, alhali jikinsa na ta zubar da ruwa. Uwargida, kada ki jira yaro ya ce yana jin ƙishi, ki riƙa ba shi kurɓi-kurɓi kowane rabin awa, ki kuma lura da fitsarinsa. Idan ya yi duhu kamar shayi, ko aka yi sa'o'i bai yi ba, ruwa ya yi ƙasa. Ki sa ƙullin gishiri da sukari na asibiti a jaka. Idan babu, a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin kada a tula. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya da murɗawar ƙafa alamu ne na farko. A kai mutum inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa masa jiki a yi masa fifita, a ba shi ruwan a hankali. Amma idan ya fara sambatu, ko ya kasa gane mutane, ko ya suma, wannan bugun rana ne kuma yana kisa. A ci gaba da sanyaya shi a cikin mota, kada a ɗura masa ruwa a baki, a nufi asibiti kai tsaye. Ko na minti biyar kada a bar yaro a rufaffiyar mota.

Ba kowa ne ya kamata ya shiga rairayin ba. Jariri, da mai juna biyu, da tsoho mai ciwon zuciya ko ƙoda, su tsaya a Gashuwa, babu abin kunya a ciki. Mai hawan jini da ke shan magani mai sa yawan fitsari ya ga likitansa kafin tafiya. Mai ciwon sukari ya sa allurarsa cikin kula mai sanyi, domin zafi yana lalata insulin. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu, ba a ƙasan akwati ba, da takunkumi ko rawani saboda ƙura. A duba katin rigakafin yara, a tambayi asibiti batun allurar sanƙarau. Kowa ya sa takalmi sau-ciki da safa. Ƙarangiya tana da yawa a gefen tudu, kuma yaron da ta kama ya gama walwalar ranar. Akwai kunama, akwai kububuwa, don haka a kakkaɓe takalmi kafin a sa, kada yara su cusa hannu cikin rami ko gindin goriba. Idan aka yi rashin sa'a maciji ya yi sara, kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotsa. A hana wurin motsi a tafi asibiti.

Abu ɗaya kuma da nake so ku faɗa wa yara tun a mota. Tudun nan da muke yi wa kallon ado yana tafiya, kuma yana cinye gonaki da rijiyoyi da dausayoyin mutanen da za ku tarar. Mutumin da ke haƙar kanwa ko matar da ke jan ruwa ba kayan kallo ba ne. A yi sallama, a gaisa, a nemi izini kafin a ɗaga kyamara, musamman ga mata, kuma in an ce a'a a sauke ta. Wanda ya yarda a nuna masa hoton ya gani. Ku sayi dabino ko goriba ko tabarmar kaba a hannunsu ba tare da matsa ciniki ba, ku biya ɗan rakiya haƙƙinsa yadda ya kamata, ku kwaso ledojin ruwanku ku dawo da su gari.

Rana ta uku ta komawa ce. Ku cika tanki a Gashuwa, ku tsaya a Nguru ku sayi busasshen kifi na tsaraba, ku yi ƙoƙari la'asar ta same ku a Kano. Idan wani ya yi zazzaɓi cikin mako biyu da dawowa, a kai shi gwajin maleriya, a kuma shaida wa likita cewa kun kwana kusa da fadama.