Saniyar da ke hannun wani

A Arewa, daga Matankari har Kore Mairuwa, da wuya ka sami manomin da duk dukiyarsa ke gaban idonsa. Saniya tana wajen Bafulatani, gero yana rumbun ƙane, amalanke yana hannun maƙwabci. Harshenmu bai haɗa waɗannan wuri ɗaya ba: akwai ajiya, akwai aro, akwai jingina, akwai kiwo, kowanne da nauyinsa. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne riƙo ba mallaka ba ne.

Kakata tana da shanu biyu a garken wani makiyayi da ke hawa arewa da damina, ya gangaro Dallol Mauri bayan girbi. Nono nasa ne, uwa da ƴaƴa nata. A farin 1984 ɗaya ta faɗi. Ya zo da fatar, tsagar gidanmu tana nan a kunne, ya shimfiɗa a gaban dattawa. Ba wanda ya ce ya biya. Daga baya na tarar malaman Malikiyya, a Risala ta Ibn Abi Zaid, a kan haka suke: wanda aka bai wa ajiya ba ya ramuwa sai in ya ƙetare iyaka. Mai aro kuwa an fi tsananta masa, musamman a kan abin da ake iya ɓoyewa, kamar tufa, domin shi ne mai cin moriya.

Wahalar tana farawa ne ranar da mai riƙo ya kai saniyar kasuwa. A fiƙihu, mai ita in ya kafa shaida zai karɓi abarsa, mai saye ya bi wanda ya sayar masa. Dokar farar hula da muka gada daga Faransa, mai tushe tun 1804, ta bi wata hanya: a kan dukiyar da ake ɗauka, wanda ya saya da zuciya ɗaya ya zama mai ita. An ba da shekara 3 a nemi abin da ya ɓata ko aka sace, amma abin da ka miƙa da hannunka ba sata ba ne a idon wannan doka, cin amana ne. Sai ka bi maci amanar, wanda galibi ya riga ya cinye kuɗin.

Ban ga laifin dokar gaba ɗaya ba. In kowane ciniki zai iya warwarewa, kasuwar dabbobi ta Dogon Dutsi ba za ta ci ba. Amma manomi bai san da ita ba, kuma takardarsa kaɗai ita ce tsagar kunne da tsofaffi biyu da suka ga miƙawa. Tsofaffin nan mutuwa suke yi. Ɗan makiyayin da ya tashi ya tarar da saniya a garken ubansa shekara 15, da ƴaƴanta da jikokinta, ba ƙarya yake yi ba in ya rantse gado ce.