Motar Gado

A wani gida da ke Takanamat, can arewacin Adar, akwai wata tsohuwar Land Rover da ta shekara bakwai a kan duwatsu, har kaji suka mayar da ƙarƙashin kujerunta wurin saka ƙwai. Mai ita ya rasu, ya bar wa ɗansa ita. A 1984, lokacin da fari ya cinye dabbobin yankin, ita ce ta riƙa ɗauko hatsi daga Tawa. A 2005 kuma, da yunwa ta sake leƙowa, ita ta yi ta kai yara da uwayensu asibiti. Saboda haka babu mai furfura a garin da ba shi da labarinta.

Da ɗan ya dawo daga cin rani a Abijan da ƴan kuɗinsa, abokai suka ba shi shawara ya sayar da ita ga maƙeran tukwane, ya sayi babur. Maƙeran kuwa sun daɗe suna zawarcinta, domin tun 1948 da aka fara ƙera irinta a Ingila, da alminiyum ake yi mata jiki, saboda ƙarancin ƙarfe bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Wannan dalilin ne ya sa ya ƙi sayarwa: jikin da ba ya tsatsa bai mutu ba. Abin da ya mutu shi ne injinta na fetur, mai lita 2.25, wanda ya tsufa yana shan mai kamar rairayi.

Aka jawo ta zuwa wani gareji a Tawa. Bakaniken, dattijo mai ƙarancin magana, ya nuna masa injuna biyu na Toyota, dukkansu na hannu, waɗanda suka shigo ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Na farko sabon yayi ne, mai ƙarfi, amma kwamfuta ke sarrafa shi. Na biyu shi ne 3L, injin gas mai lita 2.8 irin na Hilux, wanda famfonsa ba ya buƙatar kwamfuta. Dattijon ya ce, "Ɗana, wancan in ya tsaya maka a daji, sai an zo da na'ura ta tambaye shi ciwonsa. Wannan kuwa da sifana kake lallashinsa." Saurayin ya tuna nisan rijiyoyin da ke bayan Takanamat, ya zaɓi na biyu.

Aikin ya ci wata biyu. Injin Japan da akwatin giyar Ingila ba su san juna ba, sai da aka yanka faifan ƙarfe mai kauri aka huda shi daidai, ya zama waliyyin aurensu. Aka yi waldar sabbin ƙafafun da injin zai zauna a kai, aka sa lagireto babba saboda zafin bazara, aka wanke tanki aka ƙara masa bututun da ke mayar da rarar mai. Ranar gwaji, saurayin ya taka ta da zumuɗi cikin rairayi, sandar ƙafar baya ta karye nan take. Dattijon bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, zuciyar yaro ce aka sa wa tsohuwa, dole mai tuƙi ya riƙa tunawa da shekarun ƙasusuwanta.

Irin wannan aure na tsohon jiki da sabon inji ba a Adar aka fara shi ba. A Kalifoniya ta Amurka, tun wajen 1930 zuwa bayan yaƙi, samari kan ɗauki tsofaffin motocin Ford, su rage musu nauyi, su ɗora musu manyan injuna, su je tsere a busassun tafkunan hamada. Har yau ana wannan sana'a a can, don gudu da ƙawa. Dabarar ɗaya ce, buƙatar ce ta bambanta. Bakaniken Tawa ba gudu yake nema ba. So yake mace mai naƙuda ta isa hannun ungozoma kafin asuba.

Da motar ta koma gida, kawun saurayin ya zagaya ta, ya kasa kunne, ya girgiza kai. "Wannan ba muryar motar ubanka ba ce," in ji shi. Saurayin ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiyarku, Kawu. Amma da na bar mata muryarta, da yanzu ana dafa tuwo a cikinta."

Tsohon bai amsa ba. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, sai dai zumar da aka rufe a tulu don gudun kada ta ƙare ba ta warkar da kowa. Gado ma haka yake, na ƙarfe ne ko na harshe: wanda aka hana shi aiki don tsoron kada ya sake kama, shi ne ke fara ɓacewa.

Washegari aka loda mata buhunan gero da fasinjoji. Kawun ya fito da sandarsa, ya buɗe ƙofar gaba da irin ɗagawar nan da sai wanda ya san ta yake iyawa, ya zauna a mazaunin da ya saba zama kusa da marigayin, ya ce a tafi.