Daga Yawuri zuwa Wara a jirgin alminiyam

Da hantsi muka bar bakin ruwan Yelwan Yawuri muka nufi Wara ta ƙasar Ngaski, a cikin wani ɗan jirgin alminiyam mai injin Yamaha a baya. Irinsa ba shi da yawa a nan, domin Sarkawa da Gungawa da katako suka saba. Ba shi da nauyi, ba ya shan mai sosai, amma jikinsa falle ne siriri, duk abin da ya motsa a cikinsa sai ya amsa kamar an buga faranti.

Muna shiga faɗin tafkin Kainji sai ƙara ta tashi, wani irin zirrr da ke shiga haƙori, benci yana karkarwa a ƙarƙashinmu. Wani fasinja ya ce a daure a ƙarasa. Dattijon da ke tuƙi ya girgiza kai.

"Malam, ba kunnena nake ji wa ba. Girgiza ita ke kwance kusoshin jirgin nan, ta tsaga shi, ruwa ya samu hanya."

Ya karkata zuwa wani gungu. Yadda ya bi diddigin ƙarar ya burge ni ƙwarai, don bai taɓa sufana ba sai da ya gama saurare. Ya cire giya ya ba inji wuta: girgizar ta ragu, sai ɗan kacau-kacau. Ya sa giya, ta dawo da ƙarfinta. Ke nan ciwo biyu ne, babban yana ƙasa wajen farfela, ƙaramin yana jikin jirgi.

Da ya ɗaga injin muka gani da idonmu. Zaren taru ya nannaɗe bayan farfela, kuma bakin fiffike ɗaya ya lanƙwashe. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye tsohuwar Bussa da gonaki da dazuzzuka, kututturan itatuwan kuwa suna nan a ƙasa har yau, suna jiran farfela idan ruwa ya ja baya. Fiffike ɗaya ya karkace, juyin ya daina daidaita, kowane zagaye sai ya jijjiga jirgin baki ɗaya. Ya kwance farfelar, ya yanke zaren da wuƙa, yana faɗa mana cewa zaren kan cinye robar da ke hana ruwa shiga man giya. Sannan ya ɗora fiffiken a kan katako ya daddaƙa shi a hankali.

Sauran aikin na yaron jirgi ne.

"Ɗana, taka nan. To, taka can."

Duk inda yaron ya danna ƙarar ta ɗauke, nan ne. Aka samu benci ya saki, tankin mai yana zaune a kan tsurar ƙarfe, marikin inji guda ya yi sako-sako. Tsohon tiyub na babur ya yi maganinsu: aka yayyanka, aka cusa ƙarƙashin tanki da gefen benci, aka ɗaure marikin tamau.

Muka ci gaba a rabin wuta, muna iya hira ba tare da ɗaga murya ba. Tun haɗarin jirgin da ya ci rayuka masu yawa kusa da Wara a watan Mayun 2021, ba na ganin irin wannan tsayawa a matsayin ɓata lokaci. Mun isa bayan azahar. Dattijon bai yarda da gyaran guduma ba, ko abinci bai nema ba ya aiki yaron cikin gari neman wata farfelar.